Fensir a Gefen Teburina

Jama'a, ku gyara zama, amma don Allah kada wanda ya yi mini dariya sai na kai aya. Kwana nawa ke nan ina ɗaukar waya in fara rubuta wannan, in goge, in sake. Abin da zan faɗa muku yau ba na tausayi ba ne, na kunya ne, kuma ni na jawo wa kaina da hannuna.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da shida, ni ce babba a ɗakinmu. Wannan zangon na samu aikin koyarwa a makarantar Katolika da ke bayan cocinmu, aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara talatin da huɗu. A gida kuwa Mama ta ƙirga ƙawayena da suka yi aure da yatsun hannu har ta koma na ƙafa. Shi ya sa ranar da Goggo ta haɗa ni da wani mai shagon tabarau a bakin coci, Mama ta wuni tana waƙar yabo a kicin, har tukunya ta kama ba ta sani ba.

Mai Tabarau muke ce masa a gida. Dogo ne, kullum cikin riga mai ruwan toka da ta sha guga, magana kuma sai ka ce sayar masa ake yi. Ni mai surutu, shi mai sauraro, sai abin ya zo daidai. Ba zan ɓoye muku ba, na kamu. Har an sa ranar da manyansa za su zo gidanmu, Lahadi bayan an tashi daga coci, Mama ta canza labulen falo ta aro kujeru shida daga maƙwabta.

Ya taɓa gaya mini yayarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar masa yarinya ɗaya da yake riƙo. Na ce Allah ya jiƙanta, na ci gaba da ba shi labarin wani takalmi da na gani a kasuwa. Ko aikin da marigayiyar take yi ban tambaya ba. Da na samu aiki kuma ya ce, "Yarinyar tana makarantarku. Ba zan gaya miki wacece ba, ki riƙe ta kamar kowa." Na ce ba komai. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

To, a makarantarmu akwai ƙa'ida. Duk malamin aji sai ya rubuta takardar gabatar da kansa da dokokin ajinsa, a buga, kowane yaro ya kai gida iyaye su sa hannu. Na rubuta tawa sau biyu, Sista shugabar makaranta tana dawo mini da ita.

"Malama, wannan takardar neman aiki ce," in ji ta. "Aiki kam an riga an ba ki. Iyaye so suke su san hannun wa za su saka 'ya'yansu."

Ranar Juma'a da rana ina share kabad ɗin ajina, can ƙasa ƙarƙashin tsofaffin taswirori, na ci karo da wata takarda a cikin leda. An buga ta gaba da baya, wurin sa hannu babu suna. Na fara karantawa a tsaye, na ƙarasa shafin farko a zaune.

"Iyaye da 'ya'yana, sannunku. Ni ce wadda za ta riƙe muku amana daga ƙarfe takwas zuwa biyu. Ban yi alkawarin kowa zai zo na ɗaya ba. Amma kafin sati ya ƙare zan san sunan kowa, kuma ba wanda zai yi kuskure a ajina a yi masa dariya."

Kai, magana ta yi daɗi. Zuciyata ta ce, wa zai sani? Na ɗauki hoton gaba da baya, waya ta mayar mini da shi rubutu, na gyara shekarun aiki da darasin da nake koyarwa, na liƙa dokokina a ƙasa. Bayan takardar kuwa ban karanta ba, domin daidai lokacin saƙon Mai Tabarau ya shigo: "Kin ci abinci?" Kun san sauran.

Bari ku ji dokokin, don ku san girman abin. Ta farko: aikin da ba naka ba, kada ka sa sunanka a kai. E, ni na rubuta wannan, a jikin takardar da na sata, ko ɗar ban ji ba. Ta biyu da ta uku addu'a ce da ɗaga hannu kafin magana. Ta huɗu: kowa ya zo da kayan rubutunsa, wanda aka samu ba fensir sunansa zai shiga littafi, in ya cika uku a kira iyaye. Har na ƙara da cewa teburin malama ba wurin ajiyar kowa ba ne.

Sista ta karanta gaba, ta juya baya, ta daɗe a wurin. Sannan ta dube ni.

"Kin tabbata za ki iya riƙe duk abin da ke cikin nan?"

"Sosai ma, Sista."

"To, madalla." Ta buga hatimi.

Litinin na ci ado. Doguwar riga mai ruwan ganye, farin takalmi mara tsini, ɗankunnen Mama na zuwa biki, jan biro a aljihun gaba don a san malama ta iso. Muka yi addu'ar Ubanmu a gaban gicciyen da ke saman allo, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, na fara karanta musu takardar da murya mai sanyi, ina tsayawa inda ya kamata a tsaya. A benci na uku kusa da taga akwai wata siririyar yarinya mai kitso biyu. Ina kaiwa "zan riƙe muku amana", ta ɗago kai da sauri, baki buɗe, idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina, oho, ashe na iya magana haka? Kafin in juya shafi aka kaɗa ƙararrawa, sai na tsallake na karanta musu dokoki a gurguje, na raba takardu.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na karanta takardarki. Sau uku."

Na tura masa fuskar kunya da zuciya biyu. "Ta yi kyau?"

Ya daɗe yana rubutu, ya goge, ya sake. Daga ƙarshe: "Ta yi."

Na nuna wa Mama. Kafin a jima ta karanta wa Goggo takardar a waya, tana cewa, "Ai tun tana ƙarama haka take da baiwar alƙalami."

Talata da safe na tarar da wani guntun fensir rawaya, duk tabon haƙori, an ajiye shi a gefen dama na teburina. Na ɗauka na jefa a kwalin kayan tsintuwa. Da aka zo zanen taswira, 'yar taga ba ta da fensir. Na buɗe littafi na rubuta sunanta. Ta bi hannuna da kallo.

Laraba, wani fensir, shuɗi, a wuri ɗaya. Kwali. 'Yar taga ba fensir. Littafi. Ni da nake ganin kaina mai wayo, ko sau ɗaya ban haɗa biyun ba.

Alhamis na shigo a makare, mota ta watsa mini ruwan kwata a gefen siket, raina a ɓace. Ga fensir na uku, sabo fil, ko fiƙe shi ba a yi ba.

"Wai wa ke mayar mini da tebur bola?" Na ɗaga shi sama. "Wa ke da wannan?"

Can sai hannu ya ɗago a hankali daga bakin taga.

"Ke ce? Dama ke ce kike zubar mini da fensir a nan, sannan ki zauna hannu rabbana? Tashi tsaye. Lafiyarki kuwa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ban hana su ba. Wallahi ban hana ba, har wani murmushi na yi, irin na wanda ya kama ɓarawo. Ta tsaya kanta a ƙasa tana murza gefen rigarta. Na rubuta mata takardar kiran iyaye, tunda ta cika uku, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Malama."

Ranar duk saƙon da na tura wa Mai Tabarau, yana gani ba ya amsawa.

Juma'a bayan an tashi, ina goge allo, na hango shi ta taga yana tahowa. Wayyo ni! Na yi maza na kakkaɓe alli, na leƙa fuskata a gilashin kabad, na shafa man leɓe. A zatona ban haƙuri ya zo yi na shirun jiya. Na tare shi a ƙofa da fari da ido.

"Yau kuma har wurin aiki? Sista fa ba ta son baƙi."

"Ba baƙo ba ne," ya ce. "Kira na aka yi."

Ya miƙo mini takarda. Rubutuna ne, da jan birona.

Ya shiga ya zauna a benci na uku kusa da taga, gwiwoyinsa sun tokare teburin yara. Ya ciro wata takarda daga aljihu, ta tsufa, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya shimfiɗa ta kusa da tawa takardar gabatarwa, wadda ita ma ya zo da ita.

"Wannan, yarinyar da nake riƙo a cikin Littafi Mai Tsarkinta take ajiye ta. Ta uwarta ce. Shekara tara yayata ta yi tana koyarwa a ɗakin nan. Da tana raye, bana ne yarinyar za ta shiga ajinta, sun daɗe suna lissafin shekarar."

Na dubi tsohuwar takardar, na dubi tawa, magana ɗaya ce.

"Juya taki," ya ce. "Karanta sakin ƙarshe, kafin dokoki."

Na juya. Karo na farko ke nan da idona ya sauka a wurin, takardar da sunana ke ƙasanta, wadda iyaye talatin da huɗu suka sa wa hannu.

"Wani lokaci yaro yakan zo da nauyi a zuciya, bakinsa ya kasa faɗa. In haka ta same ka, kada ka ce komai. Ka ajiye fensirinka a gefen dama na teburina. Zan gani, zan neme ka mu biyu kawai, ba wanda zai sani."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige in ja ta in rufe.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce ranar Litinin da gudu yarinyar ta shigo shago, jaka na jan ƙasa, tana cewa, "Kawu, sabuwar malamarmu tana magana irin ta Mama, kalma da kalma!" Shekara biyu ba ta yarda ta yi maganar uwarta da kowa ba, ko da shi, ko da Fadan cocinmu. Ranar ta zauna ta zaɓi fensir.

"Na gane takardar tun layin farko," ya ce. "Na yi shiru. Na ce ko aro kika yi, in dai za ki cika abin da ke ciki, yayata ba za ta yi fushi ba. Na ranar Alhamis ɗin nan ni na saya mata. Ta ce wataƙila sauran sun yi ƙanƙanta ne, shi ya sa ba ki gani ba."

A nan hawaye suka ɓalle mini. Na fara, "Don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban..."

"Ba ni aka tsayar a gaban aji ba." Ya ninke takardar yayarsa ya mayar aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Maganar Lahadi, a dakata tukuna. Duk wadda za ta shigo gidana, gidan yarinyar nan za ta shiga."

Na isa gida ido jawur. Mama na kan kujera tana goge kofunan baƙi. Na zayyana mata komai. Ta ajiye kofi, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Kujerun mutane fa? Goggonki fa, da ta gama shelanta wa dangi?" Sai ta matso ta rage murya. "Saurara. Ki ce tunaninku ne ya zo ɗaya. Malamai ai duk bakinsu ɗaya ne."

"Mama, kalma da kalma fa."

"To ki ce Sista ce ta ba ki. Ko ki saya wa yarinyar fakitin fensir mai kala da 'yar jaka, yaro ai mantuwa gare shi. Shi kuma ki kira shi ki yi masa kuka, namiji ba ya jure hawaye. Amma kada ki kuskura ki tona wa kanki asiri a makaranta, kina cikin watannin gwaji. Ki rasa miji ki rasa aiki, a ce me?"

Ban ga laifinta ba, tsoro ne irin na uwa. Kuma in faɗa muku gaskiya, na so in bi shawararta. Har na rubuta masa dogon saƙo mai cewa "kuskuren na'ura ne", na zauna ina kallonsa, na ji ƙyamar kaina, na goge. Lahadi a coci na hango su a layin gaba, shi da ita, kitso biyun nan. Na laɓe bayan ginshiƙi, ana idarwa na sulale ta ƙofar gefe. Da rana ni da kaina na mayar wa maƙwabta kujerunsu, ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya ko an ɗaga ne.

Litinin tun bakwai ina ofishin Sista. Ban yi ado ba, baƙin siket da farar riga kawai. Na faɗa mata duka, har dariyar. Ba ta yi mamaki ba.

"Ni na buga wa mai takardar hatimi shekara tara," ta ce. "Shi ya sa na tambaye ki ko za ki iya riƙewa. Ni ma da laifina, da na fito miki fili. Kayan aro ba ya rufe katara, Malama. Yanzu me za ki yi?"

"Zan faɗa wa yaran."

"Iyaye za su ji. Wasu za su zo nan su ce a cire ki, kuma ban yi miki alkawarin komai ba."

"Na sani, Sista."

Bayan addu'a ban ce su zauna ba. Na ɗauki alli na rubuta doka ta ɗaya a allo, ƙasanta na rubuta sunana.

"Wa zai karanta mana?"

Wani ya karanta. Na ce, "To, mutum na farko da ya karya dokar nan a ajin nan, ni ce. Takardar da na ba ku ba ni na rubuta ba. Wata malama ce da ta riga ni a ɗakin nan, wadda ta fi ni nesa ba kusa ba. Na ɗauka na sa sunana, ko karanta ta duka ban yi ba. Ta yi alkawarin ba za a yi wa kowa dariya ba, ni kuma ranar Alhamis na tsayar da 'yar'uwarku kuka yi mata, ina kallo. Ba ta yi laifin komai ba. Ni na yi."

Na buɗe littafin laifi, na soke sunanta sau uku a gabansu. Ban dubi wajen taga ba, na kasa. Fensiran uku na riga na ciro su daga kwali tun safe, amma ban san yadda zan mayar mata ba tare da na sake tara mata idanu ba. Kuma haƙurin da zan ba ta, duk kalmar da na ɗauko sai in ji ta yi kaɗan.

Sai da aka fita hutun tara, aji ya watse, ita kaɗai ta rage tana kallon waje. Na tafi a hankali na ajiye fensiranta a gabanta. Sannan na zare jan birona daga aljihu, na ajiye shi a gefen dama na teburinta. Na koma mazaunina ban ce komai ba.

Ta dubi biron, ta dube ni. Ta daɗe haka, har na ji ƙararrawar dawowa. Sai ta ɗauke shi ta saka a jaka, ta zuge zif. Har aka tashi ba ta ƙara kallona ba, ni kuma na wuni ina gyaran aikin yara da baƙin biro.

Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota wayata ta yi ƙara. Shi ne, karo na farko tun Juma'a. Hoto ya turo: jan birona a kan kantar shagonsa, tsakanin tabarau biyu, ga ɗan hannunta ta dafe shi. Ƙasa ya rubuta:

"Ta ce in gaya miki ta gani. Ta ce ƙa'idar ita ce wanda aka ajiye wa shi ke nema, don haka kada ki neme ta, ita za ta neme ki in ta shirya."

Na tsaya ina karantawa, mota ta zo ta wuce ban sani ba. Da ƙyar na rubuta, "Kai fa?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa.

"Ni bayanta nake. Duk inda ta ajiye biron nan, nan zan tsaya."